Fararen Furannin Takarda

"Bikin Nasara ne fa, Sakina. Ki ce musu ba ki da lafiya," in ji mijinta Hambali.

Sakinatu ba ta ɗago ba. Tana zaune a falonsu na Danau Kota, jajayen takardu sun cika gabanta, tana yanka su da almakashi. Ta ce aikinta ne. Gobe Juma'a za ta koya wa yaran Ranar Uwa, kuma ba ibada ba ce, fure ne kawai.

"Malam, matsa, ka taka min takarda."

Malam. A da Yayana take ce masa.

Maganar gaskiya, Hambali ba bikin ne ya dame shi ba. Tsoro yake ji. Ga akwatinta can a bakin ƙofar ɗaki, ta kusa cika. Ƙarshen watan nan za ta ɗauki jaririyarsu ta koma Kano, kuma ba ta ce za ta dawo ba.

Karatun dakta ne ya kawo shi Kuala Lumpur, ita ta biyo shi. Da yake Turanci ta karanta, ta samu koyarwa a wata 'yar makaranta ta 'ya'yan Japanawa masu aikin kamfani. Tana da tsohon ciki, ga hawan jini, mahaifiyarta Inna Hureira ta rasu. Baffanta ya bugo wa Hambali ya ce kada ta ji sai ta sauka lafiya. Hambali ya ce to. Ya bi 'yan Najeriyar unguwar gida gida ya roƙe su su yi shiru.

Suka yi shirun. Matan su kawo mata tuwo da kunun gyaɗa, a yi hira, a yi dariya. In ta kira gida a ce Inna na barci. Sai ta riƙa tura mata saƙon murya, tana ba ta labarin yadda ɗan ke motsi. Matacciya take yi wa hira, kowa ya sani ban da ita.

Sai ranar suna ya gaya mata, bayan ya sa wa yarinyar Hureira, suna kiranta Ummi. Sakinatu ba ta yi kuka ba. Matan kuma kunya ta hana su zuwa gaisuwa. Ya ba ta haƙuri har ya gaji, ya ce umarnin Baffa ne, ya ce likita ma haka ya ce, ya ce gara ta tsane shi tana raye. Ta ce ta ji. Shi ke nan.

Washegari yara suka zauna a ƙananan kujerunsu, kowa da jar takarda. Ta nuna musu yadda ake naɗe ta ta zama fure, ta rubuta musu a allo yadda ake gode wa uwa da Turanci. Suna maimaitawa, harshensu na karyewa. Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.

Sai wata 'yar gajeriya mai giɓi, Koharu, ta ɗaga hannu. Ta ce ita Malama me ya sa ba ta yi wa tata uwar ba? Ko don tana nesa? Ai ana aikawa a jirgi.

Sakinatu ta buɗe baki za ta ce Inna na barci. Wallahi abin da ya fara zuwa bakinta ke nan.

"Uwata ta rasu," ta ce.

Ba ta taɓa faɗa da bakinta ba sai ranar, kuma da Turanci, a gaban 'ya'yan mutane.

Mai makarantar, wata dattijuwa Sachiko, ta yi wa yaran magana da yarensu a hankali. Ta juyo ta gaya wa Sakinatu cewa lokacin da take yarinya, ja na mai uwa a raye ne, wanda tasa ta tafi fari yake riƙewa. Ta buɗe kabad ta ɗauko farar takarda.

Ba wanda ya ce su yi layi. Kowa ya gama naɗe nasa sai ya taso, ya tsaya gabanta, ya rusuna, ya ajiye a cinyarta da hannu biyu, ya koma. Wani ya taso. Wasu furannin a karkace, ɗaya ma ya yage. Kafin a kai rabi Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Kukan da ya ƙi zuwa tun ranar suna ya zo. Yaran ba su gudu ba, suka ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar ta sauka a tashar Titiwangsa, inda take canja jirgin ƙasa. Sai ga Hambali tsaye da Ummi a kafaɗa. Ya ce ya kasa zama a gida ne. Ya kalli idonta, ya kalli ledar hannunta.

"Na gaya miki kada ki je. Me suka yi miki?"

"Gaisuwa suka yi min."

"Gaisuwar me?"

"Ta Inna. Yaran da ba su san sunanta ba, ba su san ta inda ake fuskantar alƙibla ba..." Ta buɗe masa ledar. "Kai ka ce in yafe maka, ka kawo Baffa, ka kawo likita. Duk kanka kake wankewa. Ka taɓa zama gabana ka ce min ya haƙuri?"

Hambali ya tsaya yana lissafi a ransa. Ya duba baya, ya sake dubawa. Bai taɓa ba.

Jirginsu ya zo, ya buɗe ƙofa, ya tafi. Shi kuwa ya gyara riƙon yarinyar, ya tsuguna a nan kan dandamalin, Malayawa da 'yan Sin na ratsa shi suna waige.

"Sakina, ya muka ji da haƙuri? Ashe Inna lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Uwa ce a gare ni ni ma. Ni ma ban samu wanda na yi kuka a gabansa ba, rabin raina, a banɗakin makaranta nake yi."

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa.

"Haƙuri da godiya," ta ce. "Amin."

Ta miƙa hannu ta karɓi Ummi, ta ba shi ledar ya riƙe, ta ce ya yi hankali kada ya murƙushe su.

"Ka kira matan nan, har na unguwar Cheras. Ka ce jibi Lahadi ina zaune a gida, su zo su yi min gaisuwa. Kada wadda ta ji kunya."

"To. Akwatin fa?"

"Babbar tabarmar tana ƙasanta, sai an zazzage kayan." Ta goge ido da bakin mayafi. "In ka zazzage ka mayar da akwatin saman kabad. Tashi, Yayana, mutane na kallo."