Ƙarfe a Ƙofar Suri

Rana ta yi ja a bayan gonakin Tsaskiya, kaji sun fara shiga akurki ɗaya bayan ɗaya. Marka na zaune gaban murhu tana tuƙa tuwo, kunnenta na bayan danga. Daga can take jin ƙarar tsirkiya, sai shiru, sai takun mijinta yana tafiya neman kibiyarsa cikin ciyawa.

Mijin nata, Salmanu, masaƙi ne, furfura ta riga ta shiga gemunsa. A shekarun nan da mahara ke gangarowa daga Maraɗi, kowane saurayi a ƙasar ya tashi da kwari a kafaɗa, shi kuwa a gaban masaƙa ya girma. Da kaka ya je kasuwar Batsari sayar da sawayen da ya saƙa, ya dawo da baka da kibau na kyauro. Ba yaƙi yake nufi ba, ba farauta ba. Abin ne kawai ya shiga ransa.

Da farko a ƙofar gida yake koyo. Tsirkiya ta yi ta dukan damtsensa har ya yi baƙi, samari kuwa suka mai da shi abin kallo.

"Baba Salmanu," in ji ɗayansu, "faɗa mamu inda kake nufi mu tsaya can, nan ne kaɗai babu haɗari."

Marka ce ta ga kunyar ta yi masa yawa, ta ce ya koma bayan danga. Akwai tsohon suri a wurin wanda zai tare kibiya, kuma gab da magariba ba mai wucewa.

A wannan yammacin ƙarar ta tsaya da wuri. Salmanu ya shigo yana murmushi kamar yaro, da guntun kyauro a hannunsa.

"Marka, yau na samu! Wani ɗan rami na nufa a jikin surin, kibiyar ta shige cikinsa sak. Sai dai ƙarfen ya karye a ciki."

Bai rufe baki ba wani abu ya faɗo a kan jinkar ɗaki. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Marka ta duba, ta ga curin jar ƙasa ne, mai tauri kamar dutse. Babu iska, babu motsin kowa a bayan danga. Sannan daga ƙarƙashin ƙasa, can nesa, suka ji kamar kukan yara.

Zinariya, ɗiyarsu tilo, tana fitowa daga zaure da ƙwaryar ruwa. Ta tsaya cak. Ƙwaryar ta suɓuce mata, ita ma ta bi ta ƙasa.

Tun daga ranar gidan ya rufe a kansu. Kowace magariba jifa ke sauka, kukan nan kuma ya biyo baya. Da rana Zinariya na kwance idonta a buɗe, ba ta ci, ba ta amsa kira. Suka yi shawarar kai ta gidan kakarta. Maza ƙarfafa suka ɗauke ta kamar kara, amma suna isa dokin ƙofa sai ta yi nauyi, ta yi nauyi, har gwiwoyinsu suka kai ƙasa. Da suka juya da ita ciki sai ta koma shafal.

Maƙwabta suka rage shigowa. Daga baya sai su ajiye tulun ruwa a bakin zaure su yi sallama daga nesa. Masaƙa ta yi ƙura. Marka ba ta fita, don ba za ta bar yarinyar ba, kullum tana kallon wuyan hannunta yana ƙara sirancewa. Ta kan ɗaga kai ta ga ɗan sararin samaniyar da ke tsakanin ɗakuna, ta ji kamar shi ma raguwa yake yi.

Aka aika garin Safana kiran malami. Malam Armaya'u ya iso bayan la'asar a kan jaki, tsoho ne siriri marar yawan magana. Ya zauna kan buzu kusa da kan yarinyar, ya sa Marka ta riƙe ƙafafunta, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Jikin Zinariya ya soma rawa, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Bari, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Mi yarinyar nan ta yi maki?"

"Ita ba ta yi komi ba. Ubanta ka tambaya." Idon yarinyar ya juya kan Salmanu. "Tun kaka yake dukan surin nan, rufin gidanmu. Muka haƙura, muka ce bai iya ba ne, rabin kibansa ma a ciyawa suke ƙarewa. Ko bisimilla ba ya yi mu kauce. Ran nan ya cusa mamu ƙarfe a ƙofa. Ni ina waje. Jikokina na ciki, ba su iya ƙetare ƙarfe. Ba ci, ba sha. Ku ma kun ji yadda abin yake."

Marka ta tuna ita ta nuna masa wurin.

"Mi kike so?" in ji Malam.

"Ɗiya a madadin jika."

"Ba ki samu."

"To, hannun da ya yi harbin."

"Hannun zai yi maki aiki, amma ba a ba ki shi. Faɗi abin da zai yiwu, ko in ci gaba da karatu."

Ƙirjin yarinyar na hawa yana sauka, muryar ta ce:

"Ya tono ƙarfen da kansa. Kada fartanya ko wuƙa ta matso gidana, kada ko sanda ta taɓa shi. Da yatsunsa. In rana ta faɗi ƙarfen nan na ciki, ƙaramin jikana ba ya kai gobe, ni kuwa ba ni fita jikin nan har abada."

Malam ya sa ta rantse da Allah za ta fita, ta rantse. Ya dubi inuwar danga, ya dubi Salmanu. "Tashi. Lokaci kaɗan ne."

Surin rani ya fi katanga tauri. Salmanu ya durƙusa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sa farce. Ƙasar ko gezau. Marka ta koma da gudu ta ɗauko tulun da ya rage masu, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a bakin ramin, shi kuma yana ƙwaƙule abin da ya jiƙa. Gara masu jan kai suka fito suka lulluɓe hannuwansa. Bai kakkaɓe su ba. Farcensa na farko ya ɓalle, sannan wani. Lakar da yake fitarwa ta ƙara ja.

"Maigida, ruwan ya kusa ƙarewa."

"Zuba."

Ta juye na ƙarshe. Rabin rana ya riga ya nutse. Ya tura hannu har gwiwa, fuskarsa a manne da surin, yana nishi. Can ya tsaya. Ya jawo a hankali, sai ga ɗan ƙarfen nan, bai fi tsawon yatsa ba. Ya yi jifa da shi nesa cikin gona.

Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta wuce tsakaninsu. Daga cikin gida suka ji atishawa mai ƙarfi, sai muryar Malam yana hamdala.

Suka zagayo ta ƙofar zaure. Zinariya na tsaye daga ciki, tana dafe da bango, yatsun ƙafarta gab da dokin ƙofa. Marka ta so ta finciko ta, amma ta daure, ta miƙa mata hannu kawai.

"Taho, ɗiyata."

Yarinyar ta ɗaga ƙafa. Ta sauke ta a waje, ta jawo ɗayar, ta faɗa jikin uwarta. Sai da ta ɗago ne idonta ya kai kan ubanta. Marka ma ta duba, ta kuma san ƙoshiyar saƙa ba za ta ƙara gudu a yatsun nan kamar da ba.

"Baba, mi ya sami hannunka?"

Salmanu ya mai da hannuwan cikin riga.

"Ɗan aiki na yi a bayan gida," ya ce. "Je ki sha fura."