Jan Fenti a Bangon Abba Gana

Suhaibu da hannunsa ya goge jan fentin da ke bangon gidan Abba Gana, kuma daga nan komai ya lalace.

Kwarin Bagadaza ya daɗe yana cin gidajen mutane, kowace damina sai ya ƙara faɗi. Wani kamfani ya samu aikin ɗaure shi, ya ɗebi samari su dasa itatuwa da ciyawa a gaɓa don su riƙe ƙasa. Suhaibu ya sha zaman banza bayan ya gama makaranta, sai Allah ya sa aka ɗauke shi. Amma kafin dashe sai an tashi gidajen bakin kwarin, a ba masu su fili a Gabukka. Shi aka miƙa wa gwangwanin fenti, duk gidan da awo ya ci ya shafa masa ja.

Yana cikin shafa wa wani bango sai ya ji murya daga zaure.

"Malam, wa ya ce maka bangonmu na son kwalliya?"

Ya juya. Doguwar yarinya ce baƙa, ɗauke da tiren huluna, ƙamshin turaren wuta ya riga ta fitowa.

"Aiki aka sa ni."

"Daga ganin wuyan nan Bafillace ne. Ku da kuka saba bin saniya, wa ya ba ku fenti?"

"Au, Babarbariya ce. To baiwata, yi wa ubangidanki magana da ladabi."

Ta yi dariya har hula ɗaya ta faɗi. Sunanta Sadiƙa. Ubanta Abba Gana mai wankin hula ne, rikicin Barno ya koro shi Gombe ba ko tabarma. Da kuɗin wankin hula ya sayi wannan gefen kwari saboda shi ne mai araha, ya gina shi ɗaki bayan ɗaki.

Ba a daɗe ba waya ta fara aiki.

"Mai jan fenti, ka ci abinci, ko kana ba itatuwa ruwa kai kana bushewa?"

"Na ci, Sadina. Yau na dasa dogonyaro a tsallaken kwari, na sa masa sunanki."

"Itace mai ɗaci ka sa wa sunana? Zan rama."

"Mai inuwa ne. A nan nake hutawa."

Da magana ta yi ƙarfi, Bappayo, baffan Suhaibu, ya je neman izini. Abba Gana ko wasan Fulani da Barebari bai yi masa ba.

"Malam Bappayo, an kore ni sau ɗaya da bindiga. Yanzu ɗanku zai kore ni da gwangwani, sannan in ɗauki 'yata in ba shi? Muddin jan nan na bangona, kar ya sake taka min zaure."

Ana haka sai ga Khalifa, wani ɗan unguwar Federal Low-Cost da ke kawo wankin hula. Ya ga Sadiƙa, ya ga jan fenti, ya ce wa tsohon shi ya san manya, waya ɗaya zai buga a cire. Ƙarya yake, bai san kowa ba. Amma motarsa ta riƙa tsayawa a ƙofar gidan, Suhaibu kuma yana hangowa daga cikin kwari da shebur a hannu. Ya daina kira.

Ita ta turo masa saƙo.

"Ka yi shiru saboda mota? Ni ko gaisuwarsa ba na amsawa. Amma Baba ya fara sauraronsa. Kar ka haɗa min da naka fushin, na Baba ya ishe ni."

Suka haɗu a bakin famfo da yamma.

"Sadi, ƙasar bayan gidanku ta tsage. Na gani da idona. Ba za ta kai wata damina ba."

"Ka gaya wa Baba mana."

"Na aika masa. Ya ce Allah ke riƙe da ƙasa, ba kamfani ba."

"To ni me zan ce masa? Ko barci ba ya yi. Kullum da asuba sai ya fita ya tsaya yana kallon jan nan." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni dai kai nake so, Suhaibu. Bayan wannan ba abin da ke hannuna."

Suhaibu ya san gaskiya, ya san aikinsa, amma ya kasa jurewa. Washegari ya zo da fetur da tsumma ya goge bangon tas. Ya je ya ce wa injiniyansu, Oga Desmond, kuskuren awo ne, gidan yana wajen layi. Desmond ya yarda, don yaron bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Abba Gana ya fito ya shafa bangon, ya yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

"Kai Fulata, ashe kana da amfani. Turo baffanka."

Aka sa rana bayan damina. Maƙwabta suka kwashe zuwa Gabukka, kowa da filinsa. Gidan Abba Gana ya rage shi kaɗai a gaɓa, an dasa ciyawa dama da hagu, an tsallake shi.

Cikin watan Agusta, wata rana bayan la'asar, aka yi ruwa mai yawa. Sadiƙa da uwarta Ya Aisa suna zaure suna jera huluna sai suka ji ƙara. Da suka leƙa, ɗakuna da kicin babu su, sai jan ruwa yana wucewa. Ba a rasa rai ba. Amma gado, kayan ɗakin amarya da aka fara tarawa, duk sun bi kwari.

Desmond ya zo ya sake awo da kansa. Bai yi faɗa ba.

"Da suna ciki fa, Suhaibu? Ajiye rigar aiki ka tafi."

Abba Gana ya je ofis neman fili. Aka ce rabo ya ƙare, kuma gidansa ai an ce yana wajen layi. Ya koma, ya sake komawa, maganar ɗaya ce.

Suhaibu ya same shi a rumfar wankin hula, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ni na jawo muku."

"Ni na sa ka. Ka faɗa min ƙasa ta tsage, na ƙi ji. Tashi. Ranar da aka sa tana nan."

"Baba, ba ni da aiki yanzu."

"Ni ma ba ni da gida. Sai wani ya raina wani?"

Aka ɗaura auren a masallacin unguwa, ba taro mai yawa. Bappayo ya ba su ɗaki ɗaya a gidansa. Suhaibu ya fara rainon 'ya'yan itace a leda yana sayarwa a bakin titi, wata rana a samu, wata rana a tashi haka. Da za a kai amarya, Abba Gana ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya zaunar da ku wuri ɗaya har tsufa."

Sadiƙa ta riƙe rigarsa tana kuka. "Baba, kai fa a ina za ka kwana?"

"Je ki, mijinki na jira."

Ya Aisa tana Gabukka wajen ƙanwarta. Abba Gana kuwa ya ce ba zai zauna gidan suruki ba. A rumfar wankin hula yake kwana har yau, a kan benci, yana da shekara sittin da wani abu.