Yoyon da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Barau direba ba matsoraci ba ne, masifaffe ne. Tsohuwar babbar motarsa mai bodin katako ita ce gonarsa, da ita yake kwasar buhunan riɗi da gero daga ƙauyukan Gwaram zuwa Birnin Kudu. In ta yi masa gardama a hanya, zaginta yake yi kamar tana ji, har ya haɗa da wanda ya ƙera ta. Mutum ɗaya ce a duniya ba ya ɗaga wa murya, wato 'yarsa Lailatu, wadda ta fara tafiya a kakar nan, bayan shi da matarsa Sabuwa sun daɗe suna roƙon Allah haihuwa.

To, a wannan kakar ce motar ta tsiro da sabon salo. Baƙin mai ya riƙa ɓacewa. Yau ya cika, gobe da safe ya zaro geji, ƙarfen auna mai, ya ga man ya yi ƙasa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, gari ya waye kwalin fes, ko ɗigo babu. Hayaƙinta kuma bai canza ba, balle a ce ƙona man take yi.

Malam Hadi bakanike, na bakin tasha a Birnin Kudu, ya canza filta, ya canza gasket, ya ɗaure duk notin da hannunsa ya kai. A banza. Ran nan da la'asar sai ya wanke injin tas da kalanzir, ya samo toka wajen mai ƙosai, ya barbaɗe shi da ita sama da ƙasa.

"Ja ta ka tafi," in ji shi. "In inji ya ɗau zafi ka tsaya ka leƙa. Duk inda tokar ta jiƙe, nan ɓarawon yake. Amma ka duba da sauran haske."

"In injin nan ya buga, Malam Hadi, wallahi a garejinka zan tare da iyalina."

Da ya bi maganar haske, da wataƙila ba a yi wannan labarin ba. Amma a Sara ya tsaya musu da wani dillalin riɗi a kan lodin gobe, Barau kuwa ba ya barin musu a rabi. Kafin ya bar garin rana ta yi ja. Bai yi nisa sosai ba jar fitilar mai ta kama a gabansa. Ya yi tsaki, ya gangara gefen titi, ya tsaya dab da wani tsohon suri.

Ba kowa a hanyar. Gonaki an girbe, sai kara a tsaitsaye. Daga wani ƙauye mai nisa iska tana kawo kiran sallar magariba, tana mayar da shi. Injin yana ƙas-ƙas na hucewa. Barau ya ce bari ya leƙa da sauri, ya yi sallah a gaba. Ya sa tocila a baki, ya ɗauki sifana, ya kwanta rigingine ya ja jiki ƙarƙashin motar.

Ya haska filta. A bushe. Ya bi gefen gasket da ido har ƙarshe, toka fari sol. Ya gangaro kan kwanon mai, wajen notin nan da ake kwancewa in za a juye mai.

Nan tokar ta goge.

Ba jiƙewa ta yi ba. Sawun yatsu ne, dogaye, sirara, sun zagaye notin. Ya kara hannunsa a kai ya gwada. Yatsunsa ko rabinsu ba su kai ba.

Sai ya lura gyare ya daina kuka.

Wani ƙauri ya bugi hancinsa, irin na fatar akuya in ana babbaka. Kusa da kunnensa na hagu, inda ba komai sai taya da duhu, wani abu ya yi 'yar shessheka. Kukan jinjiri ne, wanda ya yi kuka har muryarsa ta ƙare.

Notin ya motsa.

Yana kallo, ba hannu ba sifana, ya juya a hankali. Baƙin mai ya tsatso, ya taru, ya ɗiga. Barau ya saurari faɗuwarsa a ƙasa. Bai ji ba. Ya karkata tocilar. Tafin hannu ne a buɗe a ƙarƙashin notin, yana tarar man.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, amma hannun direba ya riga hankalinsa. Ya ɗora sifana a kan notin zai ɗaure.

Aka riƙe masa wuyan hannu. Sanyi kamar ruwan randa.

"Kar ka ɗaure."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da kuncinsa. Tocilar ta suɓuce daga bakinsa, ta mirgina, ta mutu.

"Wa... wace ce?"

"Ba ka gane wurin nan ba?"

Sai ya gane. Kwanakin baya lagireto ya tafasa masa a nan, a daidai irin wannan lokacin. Ya kwance shi cikin fushi, ya bar tafasasshen ruwa ya kwarara gindin surin nan, yana ta ashar. Tun yana yaro mahaifiyarsa take dukansu a kan zubar da ruwan zafi da magariba ba bismillah. Ran nan ko tunawa bai yi ba.

"A nan na kwantar da ɗana," in ji muryar. "Ko gyaran murya ba ka yi ba."

"Ban gani ba, baiwar Allah. Wallahi ban gani ba."

"Na sani. Shi ya sa kake numfashi."

Ya ji motsi, ya ji ana shafa wani abu a hankali. Shesshekar ta lafa.

"Abin da ya ƙona shi, a cikinsa maganinsa yake. Sai na shafa masa yake barci. In ya warke, mun rabu lafiya."

Barau ya juya wajen da muryar take fitowa.

"In... in bai warke ba fa?"

Man yana ɗiga.

"Na ga taka 'yar. Ta fara tafiya."

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi. Da kyar a'uzu ta fito. Aka sake shi.

Bai san yadda ya fito ba, sai daga baya ya ga bayansa duk ya kuje. Ya bar sifana, ya bar tocila, ya bar takalmi ɗaya. Mota ta tashi a bugun farko. Duk tsawon hanyar zuwa Gwaram bai kalli madubi ba, don a bayan motar, inda ba lodi ba fasinja, yana jin wata tana rarrashin yaro.

Malam Abdulbaqi, limamin unguwarsu, ya saurare shi har ƙarshe. Ya ba shi addu'o'in safe da yamma, ya ce ya yi sadaka, kuma kar a bar yarinya a tsakar gida in rana ta faɗi. Barau ya yi duk. Amma notin nan bai ƙara taɓa shi ba. Ya riƙa sayen mai galan-galan yana ɗurawa, har Malam Hadi ya ce a kawo motar a sauke inji, Barau ya ce a'a, a bar ta haka. Mutumin da a da yake zagi in ya ga mai ya ragu, yanzu in ya zaro geji ya ga ya yi ƙasa, hamdala yake yi. Ana ɗiba, yaron yana da rai ke nan.

Wata safiya ya zaro geji ya tarar da man a cike. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. A cike. Washegari ma haka. Ko yaron ya warke ne, ko kuwa ɗayan ne, ba wanda zai tambaya.

Ran nan bai yi lodi na biyu ba, ya komo gida kafin magariba. Lailatu ta taho da gudunta na dabo-dabo ta rungume ƙafarsa. Ya ɗaga ta sama, ya dubi fuskarta. A goshinta akwai baƙin mai, shatin dogon yatsa guda.

"Sabuwa! Wa ya shigo gidan nan?"

"Wata baƙuwa ce ɗazu, doguwa, da goyo. Ta sha ruwa, ta shafa kan Lailatu, ta ce a gaishe ka."

"Goyon nata," in ji Barau. "Yana motsi?"

Sabuwa ta girgiza kai.

"Wallahi ban lura ba."

Tun daga ranar Barau bai sake kaiwa magariba a hanya ba. Lailatu tana nan tana girma, a ƙirjinsa take barci. Kullum da safe yana zaro geji yana fatan ya ga man ya ragu ko da kaɗan ne, kullum kuma a cike yake samun sa.