Tagar Shagon Burodi

A can wani zamani, yaƙi ya koro wata Bayahudiya zuwa wata ƙasa mai nisa. Wani mai burodi ya ba ta aiki da makwanci. Dokarsa ita ce fararen fata su shigo ta ƙofa, baƙaƙen fata su tsaya a taga.

Ran nan ana ruwa, wata tsohuwa baƙa ta tsaya a taga tana makyarkyata. In Bayahudiya ta karya doka aka kore ta, ina za ta kwana? Duk da haka ta buɗe ƙofa.

"Shigo, Iya."

Mai shago ya daka tsawa. "Ke! Kin manta ke baƙuwa ce?"

Ta ce, "Ban manta ba, Maigida. A garinmu, ni ake tsayarwa a taga."

Ta jawo wa tsohuwar kujera.