Ƙofar da Teku Ta Tono

"A ina kika samo shi?"

Osla ba ta zaci wannan tambayar daga Erlend ba. Ita da ta zo da kyauta, ta ɗauka murmushi za a yi mata. Matajin kai ne na ƙahon barewa, ɗan ƙarami, an zana masa da'irori. Ta wanke shi tas, ta naɗe a hankicinta.

"Wanke shi kika yi?!"

"To da datti zan ba ka?"

Erlend ya dafe kai. Wata biyu ke nan da ya zo daga tsibiran Orkney da abokan aikinsa masu binciken kayan tarihi, suna tone-tone a tsibirin Unst, suna neman gidajen mutanen Norway, waɗanda ake ce wa 'yan fashin teku, da suka zauna nan shekara dubu da suka wuce. Ba su samu komai ba sai ƙashin tumaki. Shi dai ya samu Osla, amma ba a rubuta wannan a rahoto.

"Osla tawa... dattin nan shi ne rabin labarin. A aikinmu, abin da aka ɗauke daga inda yake kwance ya zama bebe. Ki nuna min wurin, don Allah. In babu, ran Juma'a za a rufe aikin, jirgin ruwa ya tafi da mu."

"Ba zan iya ba..."

"Me ya sa?"

Ta juya da gudu, hawaye na bin kumatunta.

Wurin a gonar babanta yake, tsoho Gibbie. Guguwar makon jiya ce ta zaftare bakin gaɓar, duwatsu suka leƙo a jere. Kuma gonar nan kaɗai ke ba su ciyawar da dabbobinsu ke ci in sanyi ya shigo. Masu tono in suka shiga gona, sai su yi shekara uku suna shafa ta da ɗan cokalin tono. Gibbie ya sha rantsuwa cewa ko ƙafarsu ba za ta taka masa ƙasa ba, balle ɗayansu ya ɗauki 'yarsa.

In ta yi shiru, Erlend ya tafi.

In ta faɗa, ta ci amanar babanta.

Kwana biyu tana zuwa bakin gaɓar, ta zauna hazo na lulluɓe ta. Sai ta riƙa ganin wata mace a ranta, mai dogon gashi, zaune a bakin duwatsun tana taje kai, tana jiran wani kwalekwale. Ko ya dawo? Ko har ta tsufa tana duban ruwan nan? Osla ta ji tsoron zama ita.

Ran Alhamis da safe ta same shi yana naɗe tanti.

"Zo."

Ya ajiye tantin, ya bi ta.

Merran, 'yar gwaggonta da ke dafa wa masu tonon abinci, ta hango su. Ita ma ta daɗe tana ƙara wa Erlend nama a miya ba a san tana yi ba. Ta ajiye ludayi ta nufi wurin kiwo, inda Gibbie yake.

"Kawu, kana nan kana kiwo, 'yarka ta kai baƙo gonarka! Wai har sun gama magana za a tone gonar duka."

A bakin gaɓar Erlend ya durƙusa. Bai taɓa ƙasar gonar ba, yashin da iska ta tara kawai ya share da hannu. Kafin hantsi, ga ƙofa ta dutse tsaye har ƙirji.

"Gida ne, masoyiya... gida ne sosai!" Can ya ɓata fuska. "Amma ƙofar ta lalace. Dubi ƙasanta a tsuke, tsakiyarta a buɗe. Nauyin yashi ya karkatar da ita."

"Osla!"

Gibbie ne, riƙe da igiyar saniyarsa Sholma, don haushi bai ma tsaya ɗaure ta ba. Merran na biye tana haki.

"Baba, ka yafe min..."

"Rufe min baki! Kai kuma, ɗan boko, wa ya ba ka izini?"

"Babu, Baba. Ban sa cokali ba, kuma ba zan sa ba sai ka yarda."

"To ban yarda ba. Me ka gani da kake ta rawar jiki?"

"Ƙofa ce, amma ta karkace."

Tsohon ya dubi ƙofar a wulaƙance. Ya sake dubanta. Ya matso, ya shafa dutsen ƙasa, ya shafa na tsakiya inda ya yi sulɓi, ya daɗe hannunsa na wurin.

"Shekara nawa ka yi kana karatu?"

"Bakwai, Baba."

"An cuce ka. Matsa."

Ya sassauta igiyar. Sholma ta shinshina dutsen, ta taka a hankali. Siraran ƙafafunta suka bi tsukakken wurin, ƙaton cikinta ya cika buɗaɗɗen wurin daidai, yana gogar inda dutsen ya yi sulɓi. Ta shige, ta juyo tana kallon su kamar jiya ta bar gidan.

Merran ma ta manta abin da ya kawo ta.

"Ba karkacewa ta yi ba," in ji Gibbie, muryarsa ta yi laushi. "Don saniya aka gina ta, kada iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa. Wanda ya yi wannan ya san sanyi, kuma yana son dabbarsa. Ni na ɗauka 'yan fashin teku kuke nema..."

"Manoma ne, Baba. Irinka."

Tsohon ya share ido da bayan hannu, ya ce iska ce.

Osla ta riƙe hannun rigarsa. "Ciyawar fa, Baba?"

"Akwai a tudu, sai dai nisa. Mai ƙarfin ɗauko ta na rasa." Ya kalli Erlend daga sama har ƙasa. "Ka iya riƙe lauje?"

"A'a, Baba."

"Za ka iya. Ka tone, na ba ka. Amma wanda ya tone min gona shi zai mayar da ita yadda take, kuma gona ba ta komawa daidai a ƙasa da shekara talatin."

Erlend ya tsaya yana lissafin shekarun. Osla ce ta fara gane cewa aurenta ne aka ba shi, ta rufe fuska tana dariya tana kuka.

"Ke kuma," in ji tsohon yana jan saniyarsa, "je ki gaya wa mai jirgi ya rage kujera ɗaya."