Goshin Liƙi

A wani gari can, duk kaka ana wasa a dandali, da kiɗa da rawa da barkwanci. Akwai wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya, da kuɗin liƙi take gyara rufin ɗakinta.

Wata shekara ta kaɗa, Delu mai yi mata amshi ta yi shiru. Ta sake kaɗawa, shiru.

"Jikalle, lafiya?"

"Iya, na ci jarrabawa, amma babu kuɗin makaranta."

Tsohuwa ta tuna rufinta. Sai ta jawo Delu tsakiyar fili ta ce, "Jama'a, yau ga goshin liƙi! Ku liƙa mata kuɗin makaranta!"

Aka rangaɗa guɗa, aka yi ta liƙi. Tun daga ranar, ɗalibai ake liƙa wa a wasan nan. Rufin kuwa, Delu ce ta sa masa kwano da albashinta na farko.