Ba Nononki Ba Ne

"Miƙo min yaron nan, Sa'adiya. Daga yau ba zai ƙara kama nononki ba."

Gwaggo Laraba ce tsaye a bakin ƙofa, riƙe da kwanon madarar shanu da ta karɓo daga ruga. Ita ce uwar miji, kuma ƙanwar mahaifin Sa'adiya.

Sa'adiya ta ƙara ƙanƙame jaririn. Kwanan Muhaimin goma sha tara a duniya, kuma tun rana ta biyu yake zawo. Zawo ne tsararo kamar fitsari, kafin tsumma ɗaya ya bushe a igiya ya jiƙa uku.

"Gwaggo, yunwa yake ji..."

"Haka kika ce a kan Nana, kika yi ta ɗura mata har muka binne ta. Ban ce da gangan ba ne. Amma nonon nan naki ba shi da kyau, duk Madachi an sani."

Sa'adiya ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a zanen goyo. Ita kanta ta fara yarda.

A haka Jabiru ya shigo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi matarsa, sannan ya tsugunna ya shafa kan yaron. Maɗigar ta faɗa.

"Inna, don Allah ki ajiye kwanon. Sa'a, ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Auren soyayya suka yi. Tun yana karatun allo a zauren kawunsa Malam Ramalan, mahaifin Sa'adiya, a Unguwar Gai, tana kai musu kunu, yake cewa ita ce matarsa. Ranar ɗaurin auren dangi daga Rano da Kibiya suka yi ta murna, zumunci ya ƙara ƙarfi. Bayan shekara ta haifi Nana, wadda irin wannan zawo ya ɗauke kafin arba'in. A daminar 2005 sai ga Muhaimin.

A asibitin Rano aka yi masa ƙarin ruwa, aka tura su Kano. Mako biyu suka yi a can. In an hana shi nono, zawo. In an ba shi madarar gwangwani, zawo. Ko ba a ba shi komai ba ruwan ba ya daina fita.

Wata safiya likitan yara, dattijo mai furfura, ya kira su ofishinsa.

"Akwai dangantaka tsakaninku?"

"Ɗiyar kawuna ce," in ji Jabiru.

Likita ya cire tabarau. "Alamu duka sun nuna ciwon gado ne, kuma ba a cika samunsa ba. Hanjin yaron ba ya tsotsar abinci, da shi aka haife shi haka. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye yake fitowa ga ɗa. Ku lafiyarku ƙalau, shi ya sa ba ku sani ba."

Sa'adiya ta ce, "Likita... ba nonona ba ne?"

"Ba nononki ba ne, 'yata. Ba abin da kika yi."

Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Kusan shekara biyu ke nan tana ɗauke da wannan laifi a ƙirjinta.

"To maganin fa?" Jabiru ya tambaya.

Likita ya mayar da tabarau. "Irin waɗannan yara ta jijiya ake ciyar da su tsawon rai, kuma ba mu da halin hakan a nan. Za mu yi iya yinmu. Sannan ku sani, kowane ciki da za ta ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da shi."

Muhaimin ya cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyarta, ɗan yatsan babansa a cikin tafin hannunsa.

Bayan sadakar uku Gwaggo Laraba ta shigo ɗakin ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Jabiru ya faɗa min. Ashe abin a jininmu yake, ni da Yaya Malam. Na ɗora miki abin da ni ma ina ciki... Ki yafe ni, 'yar nan."

"Na yafe, Gwaggo."

Suka rungume juna suna kuka.

Sai da aka yi arba'in Sa'adiya ta yi maganar da ta daɗe tana juyawa. Da la'asar ne, suna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Yaya Jabiru, ka sawwaƙe min."

Ya ɗago kamar an mare shi. "Me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba sai alheri."

"To ba ki ji likita ba? Uku cikin huɗu lafiya za su zo. Mu dogara ga Allah, masoyiyata."

"Na ji shi. Amma ni sau biyu ɗayan ya faɗo min. Wata tara zan yi ina jin motsin ɗa, ban sani ba goyo nake jira ko likkafani. Wallahi ba zan iya ba."

"To mu haƙura da haihuwar. Ke kin ishe ni."

Ta yi murmushi, hawaye na bin kuncinta. "Kai kaɗai ne ɗan Gwaggo. Na ga fuskarka ranar sunan Muhaimin. In ka auri bare, 'ya'yanka za su rayu."

"Ke fa?"

"Ni ma ina son in yaye ɗa, Yaya. Ko sau ɗaya ne."

Wannan ce ta karya shi. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Wata guda yana roƙonta, ita kuma ba ta sauya ba. Ranar wata Juma'a ya goya ta a babur zuwa Unguwar Gai. Ta kwantar da kanta a bayansa har suka iso.

Malam Ramalan ya saurare su a zaure, ya daɗe yana jan carbi.

"Ni na haɗa ku, ban san abin da na haɗa ba. Jabiru, ba wanda zai tilasta ka. Ke ma ki sake tunani."

"Na yi, Baba."

Jabiru ya gyara zama. Ya juya ya dube ta.

"Sa'a, kina sona?"

"Fiye da ranar da aka kai ni ɗakinka."

Ya runtse ido. "Kawu, ka shaida... na saki Halimatu Sa'adiya saki ɗaya. Ba don na gaji da ita ba."

Malam ya goge ido da hannun riga. "Allah Ya musanya muku da mafi alheri."

Sa'adiya ta shige cikin gida da sauri, amma ta kasa isa ɗaki. Ta tsaya a jikin danga tana leƙensa ta tsakanin kara. Ya hau babur, ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya fasa. Ya sauko ya kama ƙahon babur ɗin ya shiga turawa a ƙasa, a hankali, yana waiwayen ƙofar gidan.

Tana nan tsaye har dawar gonar Malam ta rufe shi.